Hanyar da Inna Ta Toshe da Fenti

Yammacin wata Talata ne a tsakiyar bazara, irin bazarar Minna da iska ke tsayawa cik kamar an ɗaure ta a turke. An ɗauke wuta tun hantsi. Inna Rahmatu ta gama tuƙa tuwo ta kwashe, ta shigo falo ta zauna a kan tabarmarta, domin ita ba ta zama a kujerun nan masu haɗiye mutum da ɗanta ya cika ɗakin da su. Jikarta Nabila tana kwance a doguwar kujera, littafin makaranta a kife a ƙirjinta, tana fifita da murfin kwali.

Gidan na mutum uku ne, a wani lungu na Bosso bayan layin shaguna. Akwai Inna, akwai ɗanta Usman, sai Nabila, wadda uwarta ta rasu tun ana shirin yaye ta, Inna ta raine ta da kunu da faɗa har ta kai shekara goma sha tara ta shiga jami'a. Usman sana'arsa hotunan bango. Yana da wani dogon inji a shagonsa. Sai ya samo zanen da Turawan dā suka yi na gonakinsu da koramunsu, injin ya buga shi a kan ƙyalle mai kauri, ya ɗame ƙyallen a jikin katako huɗu, ya bi shi da man ƙyalli. Malaman jami'a na saye, amare na saye su rataya a falo. Inna ba ta taɓa gane abin da mutane ke gani a ciki ba. Hotuna ne kamar an kalli duniya da ido mai kwantsa, itace bai cika itace ba, ruwa bai cika ruwa ba, duk ɗigo-ɗigo, sai ka ja da baya sannan su yarda su zama wani abu. To amma sana'a ce, kuma ita ke riƙe da gidan. Sharaɗi ɗaya Inna ta gindaya masa tun farko: duk abin da zai rataya a bangonta kada a sami mai rai a ciki, mutum ne ko dabba ko tsuntsu. Ɗakin da take salla ba za a kori mala'iku daga cikinsa saboda ado ba.

Wanda ke falon wata guda ke nan da rataya shi, faɗinsa ya kusa tabarma. Tafki ne mai bado, dogayen itatuwa sun kewaye shi ta kowane gefe, inuwarsu ta kwanta a kan ruwan. Daga kusurwar ƙasa ta hannun dama wata siririyar hanya ta ratsa ciyawa ta nufi bakin ruwa. Ita kanta Inna in zafi ya ishe ta takan saci kallonsa ta ji sanyi-sanyi, ko da yake da wuƙa a wuya ba za ta faɗa ba.

"Tsohuwa," in ji Nabila, "wata guda kina da baƙuwa a ɗaki, ko ruwa ba ki ba ta ba."

"Wace baƙuwa kuma, 'yar neman magana?"

"Ga ta can a bakin hanya da laimarta. Ke da ba kya son mai rai, ga mace sukutum kina salla a gabanta."

Inna ta dafa ƙasa ta tashi. Ta matsa jikin hoton, ba ta ga komai ba sai ɗigon fari da na ja. Ta ja baya taku uku, sai ga ta kuwa. Mace ce da doguwar riga, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, tana tsaye daidai inda hanyar ta fara.

"Baba ma bai lura ba," Nabila ta ce tana dariya. "In ya dawo daga Abuja gobe sai ki kai ƙararsa wurinsa." Ta ɗauki bokiti ta tafi wanka.

Inna Rahmatu ba ta san a bar aikin yau ya kai gobe ba. Akwai ragowar koren fenti da aka shafa wa ƙofar gida, ta je ɗakin ajiya ta ɗauko gwangwanin da wani tsohon buroshi. A lokacin ladan ya fara kiran magariba. Ita ce ta koya wa kowa a gidan nan cewa da almuru ba a shara, ba a watsa ruwan zafi, ba a taɓa komai sai da bisimilla, don lokacin wucewar waɗanda ba a gani ne. Amma ran nan haushi ya riga hankali zuwa hannunta. Ta tsoma buroshin ta danna. Hannunta hannun daka ne, bai san kaɗan ba. Fentin ya rufe matar, ya rufe laimar, ya haɗa da bakin hanyar gaba ɗaya har jikin katako.

Ta ja baya ta duba. Koren ya saje da ciyawar kamar dama can haka aka yi shi, tunda hoton duk jagwalgwalo ne. Yanzu tafkin ya zauna a tsakiyar itatuwa ba ta inda za a shiga, ba ta inda za a fita. Inna ta gyaɗa kai, ta mayar da gwangwanin.

Tana ɗaura alwala ta lura cewa unguwar ta yi shiru. Ba kukan awakin maƙwabta, ba ƙarar keke daga titi, har janaretan mai aski ya mutu. Cikin shirun nan dutse ya faɗo a kan kwanon falo, ya gangaro, ya dire a gabanta. Wani ya biyo. Ta leƙa waje da zagi a bakinta, lungun fayau, ba kowa. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya. Dutsen rafi ne mai santsi, jiƙe sharkaf, da sanyi kamar daga randa aka tsamo shi, a garin da rabonsa da ruwan sama wata biyar.

Ta koma falo ta tarar da Nabila a tsaye gaban hoton, da zanin wanka a ƙirji, hijabi a hannu. Ta shigo ɗaukar hijabin ne ta ɗaga ido ta kalli bango.

"Ke, salla na wucewa."

A hankali Nabila ta juya, ta ɗora tafin hannunta a jikin bango, ta fara tafiya tana shafa shi. Ta kai kusurwa ta karya, ta kai wata ta karya. Da ta iso ƙofar falon, wadda ke buɗe hanhai, sai hannunta ya ci gaba da shafa iska kamar bango ne a wurin, ta wuce. Sai da ta zagaya ɗakin sau uku sannan ta yi magana, da wata murya mai kauri ta macen da ta girme ta nesa ba kusa ba.

"Ina hanyar take? Nan na bar ta."

Usman ya dawo da hantsin Laraba ya tarar da 'yarsa tana zagaye har yanzu, tafin ƙafarta ya yi ja. Inna ta samu ta zura mata riga, iyakar abin da ta iya ke nan. Ya ɗauke ta cak zai kai ta asibiti. Ƙafarsa na taka dokin ƙofa numfashin yarinyar ya tsaya, idonta ya kafe, leɓenta ya soma yin baƙi. Ya ja da baya, numfashin ya dawo da wani irin gurnani. Sau uku yana gwadawa, a na ukun sai da Inna ta finciko shi ta baya.

Maƙwabciyarsu Christiana ma'aikaciyar jinya ce, ita kaɗai ce ba ta daina shigowa ba. Ta auna abin da za ta auna, ta rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusar labule a lokutan da gajiya ke kayar da Nabila. Abinci dai ba ya shiga. In an kai mata kofi baki sai ta guntsa da zafin nama kamar mai mutuwa da ƙishi, ruwan ya tsaya a bakin, ya zubo ta gefe.

"Ruwan nan ba ya shayuwa," muryar takan ce. "Ga shi har wuya, ba ya shayuwa."

Christiana ta ja Inna gefe ran Juma'a. "Mama, ni ban ga ciwo a jikinta ba. Amma ƙarin ruwa ba abinci ba ne, kuma jijiyoyinta sun fara ɓuya. In haka ya ci gaba, kwanakin ba su da yawa. Ni ina yi mata addu'a a cocinmu, ku ma ku nemi naku."

Kullum da magariba duwatsun na zuwa. Daga baya aka fara jin wani abu tare da su, 'yan siraran muryoyi a saman kwano, kamar kukan 'yan kyanwa, suna kira, "Iya, Iya." In sun fara, Nabila sai ta ƙara sauri, tana dukan bango da hannu biyu har fatar ta sale. Mutanen lungu suka koma bi ta ɗaya gefen. Usman ya rufe shago. Su ukun suka tare a falon nan mai zafi kamar tanda, mai zagaye na zagayenta, masu kallo na kallo, ba wanda ke iya nisa da ƙofar, har tsakar gida ta zama musu kamar wani gari.

Ran Asabar Usman ya lura duk zagayen da za ta yi sai ta tsaya a gaban hoton ta shafa kusurwar dama. Ya ɗauko wuƙa ya ce yau zai keta tsinannen abin ya ƙone. Bakin wuƙar na taɓa ƙyallen Nabila ta ƙwalla ƙara ta faɗi, wani siririn layin jini ya fito a ƙwaurinta. Ya yar da wuƙar yana salati. Fentin kuwa bai gani ba. Mutumin da ya buga irin hoton nan ya fi sau ɗari ya daɗe da daina kallonsa.

Inna tana gani, ta kuma sani. Tun daren farko ta sani, tun da ta ji an ce ina hanyar take. Ta tura gwangwanin can bayan buhunan masara. Ta dirje hannunta da toka da sabulu, amma wani ɗan kore ya maƙale a ƙarƙashin farcen babban yatsanta ya ƙi fita, sai ta riƙa naɗe hannun a gefen zani. Takan ce wa ranta fenti ai fenti ne, me ya haɗa shi da numfashin mutum. Takan ce abin da ta yi don Allah ta yi. Mace ce da ta binne miji da 'ya'ya biyu idonta a bushe, ta riƙe gida da sana'ar ƙuli-ƙuli, ba a taɓa jin ta ce wa wani mahaluki yi haƙuri ba. A ce wai ta buɗe baki a gaban ɗan da ta haifa ta ce ni ce na jawo, wannan ya tsaya mata a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Kullum sai ta ce gobe yarinyar za ta tashi garau, maganar ta mutu. Kullum goben na zuwa wuyan Nabila na ƙara sirancewa.

Ran Litinin, kwana na shida, Nabila ta kasa tsayuwa, ta koma zagayen da rarrafe. Usman ya hau mashin ya nufi garin Beji, ya dawo bayan azahar da Alfa Ndaman a bayansa.

Alfa Ndaman tsoho ne Banufe, siriri, da kaushin noma a hannu. Bai zo da turare ko layu ba. Ya yi sallama a bakin falon sau uku kamar mai shiga gidan da ba a san shi ba, ya nemi buta, ya zauna a tabarmar Inna ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Karatun ya yi ta tafiya kamar ruwa a ƙarƙashin ƙasa, rana tana sauka a jikin taga kaɗan-kaɗan. Aka yi la'asar, ya koma ya ci gaba. Sai da inuwar katanga ta cinye tsakar gida sannan Nabila ta daina rarrafe. Ta zo gabansa ta zauna, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman manyan mata.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni, kuma ba inda zan gudu."

"Wace ce ke?"

"Ba sunana ya kawo ka ba."

"To daga ina?"

Muryar ta fara magana a hankali. Ta ce ita mutuniyar wata fadama ce a bayan Garatu, inda kakanninta suka zauna tun ba a san ƙarfe ba. Bara katafila ta zo ta ture itatuwan, aka cike ƙoramar da jar ƙasa aka yanka filaye. Tun daga nan take yawo da 'ya'yanta uku, yau kwalbati, gobe kangon gini. Ran nan tana wucewa ta lungun nan da tsakar rana ta hango ta taga, ga ruwa, ga inuwa, ga itatuwan da ba mai sara, ga hanya a buɗe. Sai ta riƙa shiga tana hutawa, ta bar yaran a kan kwano, in magariba ta yi ta fito su tafi kiwo.

"Na san ba wurin zama ba ne. Ranar ciki ba ta motsi, ganye ba ya kaɗawa, ruwan kallo ne kawai. Amma wanda ya rasa gida ko inuwar zane ya samu zai fake. Ran Talata na taso zan fita, na tarar hanyar ta zama ciyawa. Na bi gabas katako, na bi yamma katako. Ina jin yarana a sama suna kira, suna jifa don in ji su. Sai yarinyar nan ta ɗago ido ta kalle ni, na kama abin da na samu. Amma rabina na cikinta, rabina na can, ba wanda ya fita."

"Wa ya rufe hanyar?" in ji Alfa.

Kan Nabila ya juya sannu a hankali har ya tsaya a kan Inna.

"Tambayi mai koren farce."

Usman ya dubi uwarsa, ya dubi hannun da ke naɗe a zani, ya tashi ya je gaban hoton ya kai fuskarsa kusa. Ya daɗe a wurin. Da ya juyo, kallon da ya yi wa Inna ya fi mata zafi a kan zagi.

"Mace ce a ciki," Inna ta ce, muryarta a bushe. "Na shafe ta. Ɗakin sallata ne."

"Shafe hoton mai rai ba laifi ba ne, Hajiya," in ji Alfa. "Da wane lokaci?"

"Da magariba."

"Kin yi bisimilla?"

Inna ta kalli tabarma.

"Da kin yi, da ta ji ta fito kafin hannunki ya sauka." Ya juya ga Nabila. "Ke kuma kin shiga gidan mutane ba sallama, kin kama yarinyar da ba ta taɓa ki ba. Kowa da nasa. Yanzu me zai raba?"

"Kwana shida yarana suna kan kwano da yunwa. A buɗe mini, in tafi da wannan ta yi musu raino."

"Ba za a yi ba. 'Yar Adam ba abin biyan diyya ba ce. In kin sake faɗa zan koma karatu, kuma ba zan tsaya ba."

Muryar ta ce, "To hannun da ya rufe ni. Ya bushe har kafaɗa."

Kafin Alfa ya buɗe baki Inna ta warware hannun daga zani ta miƙa shi gaba. "Ga shi. Ɗauki, ki sakar mini yarinya. Na hagun ya ishe ni tuƙa tuwo."

"Mayar da hannunki, Hajiya, ba a ciniki da jiki a gabana," in ji Alfa.

Sai muryar ta yi dariya, wata gajeriyar dariya marar daɗi. "Dubi yadda ta miƙo shi da sauri. Ashe hannun ba shi ne mai tsada a wurinta ba. To na fasa. Ta buɗe hanyar da hannun nata, ita kaɗai. In ta gama ta tsaya a gaban ɗanta ta faɗi laifinta da bakinta, ta roƙe ni gafara. Kuma ku yi sauri. Jikin nan ba zai ga wata magaribar bayan ta yau ba, in ya mutu ina ciki, tare za mu tafi."

Alfa ya ce ya yarda, da sharaɗinsa shi ma. Mai muryar za ta fita daga jikin Nabila ta ƙaramin yatsan ƙafa, ba ta ido ko kunne ba. Za ta kwashe 'ya'yanta daga kan kwanon, ta rantse da wanda ya halicce ta ba za ta sake waiwayar gidan ba, hoton kuma za a fitar da shi. Ya kwatanta mata wata ƙorama a bayan Beji, a tsakanin duwatsu, inda katafila ba ta iya hawa.

"Can ma za ku zo," in ji muryar. "Amma na rantse."

Inna ta ce a kawo mata tina, man nan mai narka fenti, ta wanke fentin yanzu-yanzu. Usman ya girgiza kai, karo na farko da ya yi mata magana tun da ya gano fentin.

"Tina zai cinye har hanyar, Inna, ya bar farin ƙyalle. Sai dai kananzir a auduga, kaɗan-kaɗan, in ya yi laushi ki ɗaga da farce. Man ƙyallin da ke ƙasa zai kare zanen in ba ki danna ba. In kin danna, ya tafi."

Aka sauke hoton aka jingina shi da kujera. Inna ta durƙusa a gabansa, ta yi bisimilla a fili, ta fara. Shekara saba'in hannun nan yana daka da dirza da murɗa, yau aka ce ya yi tafiyar tururuwa. Ta ɗiga, ta jira, ta ɗaga ɗan ɓawon kore bai kai ƙwayar gero ba. Ta sake ɗigawa. Gumi na zuba daga haɓarta, ba ta share ba. A bayanta tana jin numfashin Nabila yana ja kamar ana jan guga a rijiya mai zurfi, kowane ja tazararsa ta fi ta baya. Hasken taga ya koma ja. Farcen babban yatsan ya tsage, ta koma na manuni, ta goge jinin a zani don kada ya taɓa zanen. Laimar ta fara fitowa, sannan rigar matar, sannan ƙasa-ƙasan hanyar, taku bayan taku, har jikin katako. Dutsen farko na yammacin ya faɗo a kan kwano daidai lokacin da ta ɗaga ɓawon ƙarshe.

Ta juyo. Nabila na nan zaune, idon baƙuwar na kallonta ta cikin idon jikarta, yana jira.

Inna ta kalli Usman, ɗan farin da ko sunansa ba ta faɗa don kunya, yana tsaye a jikin bango da kansa a sunkuye. Muryoyin kan kwano sun fara kiran Iya. Wuyan Nabila ya langaɓe gefe, ya dawo da ƙyar.

"Na yi laifi," in ji Inna.

"Ban ji wanne ba."

Tsohuwar ba ta tashi daga durƙuson ba, da gwiwa ta matso.

"Na rufe ki ban sani ba, wannan ɗaya. Na sani tun daren, na yi shiru kwana shida, naki na kuka a sama, tawa na mutuwa a ƙasa, don kada a ce Rahmatu ta yi kuskure. Wannan shi ne babban. Ki yafe mini." Ta juya wajen ɗanta. "Kai ma."

Can wata iska mai sanyi, mai ƙanshin laka da ɗanyen ganye, ta taso daga jikin hoton ta shafi fuskokinsu. Nabila ta yi atishawa, ta sake, ta sake. Ƙaramin yatsan ƙafarta na hagu ya yi ta karkarwa shi kaɗai, sannan ya tsaya. A saman kwano aka ji gudun ƙananan ƙafafu kamar farkon yayyafi, suka bi ta kusurwar yamma, suka ɓace. Sai ga muryar ladan, da ƙarar keke daga titi, da kukan akuyar maƙwabta.

"Kaka," in ji Nabila da 'yar muryarta, "ƙishirwa."

Usman ya ruga wajen randa. Inna ba ta jira shi ba. Ta cusa kafaɗarta a hammatar yarinyar ta ɗaga ta, ta ja ta zuwa ƙofa. A dokin ƙofar ta tsaya, ta kara kunnenta a bakin Nabila, sannan ta ɗaga ƙafa ta tsallaka. Numfashin ya fita, ya dawo. Ta ƙara taku, ya fita, ya dawo. Ba ta tsaya a tsakar gida ba. Ta ratsa ta, ta ture ƙofar gida da ƙafa, ta bi lungun da jikarta a rataye a jikinta, su biyun ba takalmi, har bakin titi inda fitilun keke ke wucewa. A nan suka zube tare a kan ƙasa mai ɗumi.

Usman ya iso da kofi yana haki. Nabila ta kalli titin, ta kalli ƙafafunsu.

"Tsohuwa, me muke yi a titi kamar mahaukata?"

"Rufe mini baki ki sha."

Inna ta riƙe kofin da hannunta mai jini, ta ɗora yatsun ɗaya hannun a maƙogwaron yarinyar. Ruwan ya shiga baki, ya tsaya, sannan ta ji shi ya wuce a ƙarƙashin yatsunta. Ba ta ɗauke hannun ba har kofin ya ƙare. Ta miƙa wa ɗanta shi ba tare da ta dube shi ba.

"Ƙaro."